Masu Girki a Kan Ganyen Gora

Shekaranjiya bayan azahar na ɗan kishingiɗa a zaure, sai na yi wani mafarki. Amma bari in fara gaya muku abin da na kwanta da shi a rai. Bayan gidanmu akwai kwazazzabo, kowace damina sai ya gutsuri ƙasa ya matso. Bana saura taku takwas ya iso ɗakin Inna, ita kuwa ta rantse ba mai fitar da ita daga ɗakin da ta haife mu. Shekara uku ke nan da na dasa gora a bakinsa don saiwarta ta riƙe ƙasa. Ta yi tsawo, amma ga ruwa ya sauka wata biyu, ko toho ɗaya ban gani ba. Ni dai kullum da la'asar ina zage wa awakina ganyenta, tunda a ganina sanda ce abin so, ganye kuwa ado ne kawai.

To, sai ga ni a gindin wata gora mai ƙofa. Wani kwaɗo da hular dara yana zaune a bakin ƙofar yana taje gemu.

"Sama za ka ko ƙasa?" in ji shi.

"Ina mutane suke zuwa?"

"Masu hankali da sama suke farawa. Kai ma dai gwada."

Na shiga. Kowace gaɓa ɗaki ce, da tabarmarta da butarta. Na hau ɗaki goma sha biyu ko haki ban yi ba, ni da tsanin rumbu ke sa ni nishi.

Sai na ɓullo a kan ganye. Ashe madafa ce, doguwa siririya, cike da mata masu koren zane. Ba murhu, ba itace. Hadari ya rufe sama, kowacce ta tsaya riƙe da faranti ta ɗaga kai. Da gajimare ya ɗan tsage, rana ta zubo, suka yi caa, wannan ta tara da faranti, waccan da haɓar zane. Suka juye ta a turmi, suka ƙara ruwan da ake jawowa daga ƙasa da guga, suka hau daka.

Uwar madafar wata dattijuwa ce, na ji suna ce mata Iya Kande. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce in kwanta rub da ciki in leƙa ƙarƙashin ganyen. Na leƙa. Ƙananan bakuna ne birjik, sun fi dubu, kowanne yana buɗewa yana zuƙar iska.

"Iskar da kuka shaƙa kuka fitar ta gaji, ita muke so," in ji ta. "Mu kwaɓa ta da rana da ruwa, mu mayar muku da sabuwa. Ungo, ɗanɗana."

Na lasa. Wallahi zaƙi, har cikin kunne.

Ruwa ya sauko. Kowane ɗigo sai ya yi sallama, ya bi layi, ya gangara ta tsinin ganye ya fice. Iya Kande ta ce ba sa barin baƙo ya zauna, aiki ya yi musu yawa. Na ce wa ke cin duk wannan girki? Ta nuna ƙasa da muciya.

Sai ga ni a ƙarƙashin ƙasa. Jarirai ne zaune a jere, kowanne da hula mai tsini, duk sun rame. Na gane su, tohon da nake jira ne. Ɗaya ya yi gyaran murya kamar dattijo.

"Ba mu da ganyen kanmu tukuna. Abin da manya suka dafa a sama shi ake aiko mana, kuma bana ɗan lasa ne ke isowa."

"To yaushe za ku fito?"

"Da yunwa? Malam, ka taɓa huda ƙasa da ka?"

Sai na ji ƙarar cokali a bayana. Kwazazzabo ne zaune cikin jar babbar riga, ya tanƙwashe ƙafa yana cin ƙasa a natse. Wasu saiwoyi uku sirara sun riƙe masa gefen riga, suna rawa don gajiya.

"A'a, Jatau! Ya Inna?" in ji shi. "Ka ce mata ta daina wahalar shara, ina nan tafe."

Na so in zage shi, bakina ya ce masa sannu da aiki.

Na sake tsintar kaina a madafa, ana ta kururuwa. "Ga shi nan! Annobar la'asar!" Wani ƙaton hannu ya sauko daga sama, ya kama reshe, shaf! Madafa bakwai suka tafi da turamensu da matansu. A babban yatsan hannun akwai tabon lauje. Na yi maza na cusa nawa a aljihu.

"Fito da shi," in ji Iya Kande. "Mun san shi, kullum muna gaisawa."

Kunya ta kama ni, na ji kamar in nutse. Na ce, "Iya, ku yafe mini. Na ɗauka ku ado ne."

"Ado! Ka ji shi. To wa ya gina ɗakunan da ka hawo? Akuya?"

Can na ce, "An makara ke nan? Ɗakin uwata ne."

Ta ɗaga kai ta ƙirga gizagizai da yatsa, ta tsallake wani ta ce wannan maƙaryaci ne.

"Damina da sauranta. Tsohon ganye bai gaji ba, sabo kuma yana tafe. Kai dai ka zaunar da hannun nan. In yaran ƙasa suka ƙoshi, kowanne da saiwarsa zai zo, sai mu ga ta inda mai cokali zai wuce."

Ta miƙo mini faranti. Gajimare ya tsage, na tara, rana ta cika shi har tana zuba a gwiwar hannuna, da ɗumi. Daga ƙasa na ji jarirai suna bisimilla. Daɗi ya kama ni, ina dariya ina hawaye.

Sai kuma shaf! Shaf! Na duba sama, ba hannu.

Na buɗe ido. Zaure ne, la'asar ta yi, kuma ƙarar daga bayan gidanmu take fitowa. Na zabura ko takalmi ban sa ba. Inna ce a gindin gora, ta ga na makara tana zage wa awaki ganye.

"Inna, bari! Don Allah bari! Girki suke yi!"

"Su wa? Kai Jatau, lafiyarka kuwa?"

"Ni zan je fadama in yanko ciyawa. Daga yau ba mai taɓa ganyen nan."

Ta saki reshen tana gunaguni, ta ja baya, sai ta yi tsaki ta ɗaga ƙafa.

"Wane mara mutunci ne ya kafa turke a nan?"

Na durƙusa na share ƙasar da yatsa. Ba turke ba ne. Ɗan toho ne guda, bai fi tsawon babban yatsa ba, ya huda ƙasa ya fito.