Kwanon Felicia

Mako uku ke nan kwanon Felicia yana kife a kan kantar Saudatu, farin kwanon tangaran mai zanen shuɗi a baki. A cikinsa Felicia, maƙwabciyarta, ta kawo gasasshiyar karfasa ranar da ƙaya ta maƙale wa Shatu, 'yar Saudatu, a wuya. Yarinyar, 'yar shekara huɗu, ta yi ta kakari har idanunta suka yi ja, sai da lomar tuwo ta tura ƙayar. Saudatu kuwa, cikin firgita, ta ce wa Felicia kada ta sake ba 'yarta abin da zai kashe ta.

"Maman Shatu, koya mata cire ƙaya, ba hana ta kifi ba," in ji Felicia. Ta tsallaka lungu ta shige gidanta, ba ta ƙara leƙowa ba.

Tun da miji ya kawo Saudatu Bauchi daga Azare, ya ajiye ta a gidan haya bayan kasuwar Wunti ya koma aikin hanya a Gombe, ba ta da wadda take hira da ita sai wannan 'yar Kalaba. Fushin Saudatu bai kwana ba. Amma a gidansu ba a mayar da kwanon maƙwabci wayam, kuma ba ta ga abin da ya isa ta zuba a ciki ba. Ɗanwake ya yi kaɗan. Waina ba ta tashi ba. Kifi take so, cikakke, mai kai da jela.

Ranar Alhamis ta ji an yi wa mijin Felicia canjin wurin aiki zuwa Jos, motar kaya za ta zo Asabar bayan la'asar.

Asabar da hantsi ta samo karfasa ta madatsar Gubi, mai faɗin tafi biyu. Ta kankare, ta wanke da lemon tsami, ta yi mata tsaga uku-uku. Gefe ɗaya ta cusa haɗin Felicia kamar yadda ta sha gani: attaruhu, albasa, ɗoɗɗoya da ɗan manja. Ɗaya gefen ta shafa yajin innarta, ƙuli-ƙuli da citta da kanumfari da masoro. Wajen jela ta bar shi da gishiri kawai, don Felicia kullum takan gutsura wa Shatu daga nan.

Gawayin ya sha damina, ya ƙi kamawa. Sai bayan azahar wuta ta yi ja a kurfoti, murhun gawayi. Ta ɗora wayar gashi, ta kwantar da kifin, gefen haɗin Felicia a ƙasa.

"Umma, na Anti Felicia ne?" in ji Shatu.

"Na Anti ne. Matsa baya, wuta ce."

Ba a yi minti goma ba ta ji rurin babbar mota a bakin lungu, da muryoyin maza ana jan gado. Sun zo da wuri. Ta miƙe da mafici a hannu, ta dubi kwanon, ta dubi kifin. Gefe ɗaya ya yi, ɗayan ko ɗumi bai ji ba. Ɗanyen kifi ba abin ba mutum ba ne, balle mai hanyar Jos a gabansa. Ta koma ta tsuguna, ta juya shi a hankali don kada fatar ta kama waya, ta yi ta fifita. Kaya ai ba sa loduwa da wuri, ta ce wa kanta.

Da ƙuli-ƙulin ya yi ja, ta soka tsinke har ƙashi ta ga ba jini. Ta sa a kwano, kai da jela sun leƙo waje, ta rufe da faranti, ta yafa mayafi ta ja hannun Shatu.

Lungun fayau. Sawun taya a taɓo, ƙofar Felicia da kwaɗo. Malam Yero tela ya ɗago daga kekensa.

"Af, Maman Shatu, yanzu suka sha kwana. Ai Madam Felicia ta je ƙofarki."

"Ƙofata, Baba?"

"Ta daɗe a tsaye ma. Ta dawo ta ce ƙamshin kifi ya cika gidan, da alama kina da baƙi, ba za ta dame ki ba."

"Ta bar adireshi?"

"Jos dai ta ce." Ya taka kekensa.

Kwanon yana ƙona mata tafin hannu, ba ta sauya riƙo ba har ta koma gida. Ta shimfiɗa tabarma a inuwar katanga, ta ajiye shi a tsakiya. Shatu ta zauna ta buɗe baki tana jira, kamar yadda ta saba.

Saudatu ta kai hannu za ta tsince mata, sai ta tsaya. Ta yago wajen jela ta ɗora a tafin yarinyar.

"Murza da yatsa. Kin ji wani abu mai tsini?"

"Na ji."

"To zare shi, ki ajiye a bakin kwano. Sake murzawa. Kada ki yi sauri."

Shatu ta jera ƙaya uku a kan zanen shuɗin, tana ƙirgawa da ƙarfi. Saudatu ba ta ɗauke ido daga wuyan yarinyar ba har ta haɗiye. Sannan ta gutsuri gefen manjan ta kai baki. Attaruhun ya yi yawa. Felicia ce kaɗai za ta gaya mata ko guda nawa ake sawa.