Motar Iya Verna

"Dama na ce miki, dama! Hannun da kike cin abinci da shi!"

Jolene Pruitt ta taka birki da ƙarfi. Motar ta girgiza, tukwanen da ke baya suka yi kwaramniya, kwandon sharar gidan maƙwabcinsu Mista Lindqvist kuwa ya riga ya kwanta a titi. Daga kan kujerar roba a bakin ƙofa, Iya Verna tana kaɗa sandarta, robar iskar numfashi na lilo a hancinta.

"Iya, wannan ai ba mota ba ce, gida ne aka sa wa taya."

"Ni da na yi shekaru ina jan bas cike da 'ya'yan mutane, ko kaza ban taɓa bugewa ba. Sake! Madubi za ki duba, ba fuskata ba."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu tun ranar da Jolene ta tare a unguwar bayan mutuwar aurenta. Verna Kimbrough ta sayi wannan motar tafi-da-gidanka lokacin da ta ajiye aiki, mai gado da murhu da ɗan banɗaki, da niyyar zaga ƙasa. Sai ciwon huhu ya riga ta. Likita ya hana ta tuƙi, ita kuma ta kama koya wa Jolene, wadda aikinta dafa wa ɗalibai abinci ne, ba ta taɓa tuƙa abin da ya fi ƙaramar motarta ba.

Wuri ɗaya Verna take son zuwa: gandun dajin jiha da ke kudu, mai kogwannin dutse. Da yamma suka zauna a ɗan teburin motar, ta baza taswira, ta buga wa ofishin gandun waya, ta buɗe murya.

"'Yata, kogon naku akwai matakala?"

"Babban akwai, Mama, da yawa ma. Amma ƙaramin a shimfiɗe yake, har keken marasa lafiya yana shiga."

"Ana kashe fitila a ciki?"

"Ana kashewa na ɗan lokaci."

"To sa sunanmu. Asabar ta sama. Mata biyu da tukunyar iska ɗaya. Ita dai ba ta yankar tikiti ko?"

Yarinyar ta yi dariya, Verna ma ta yi, har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa sai ta jingina, ta ce tana 'yar firamare aka kai su wurin. Mai rakiya ya kashe fitila, yara duka suka yi tsit, ba ka jin komai sai ɗigar ruwa can ciki.

"Tun daga ranar ban ƙara jin shiru irin wannan ba. Daga ihun yara sai na wannan tukunyar. Shi nake so in sake ji."

"Dwight ya san da tafiyar?" Jolene ta tambaya. Dwight shi ne ɗan Verna tilo, yana can garin Omaha.

"Zai sani in na aika masa hoto."

Abin da Jolene ba ta faɗa ba shi ne, ita ko lif ɗin asibiti ba ta shiga, gara ta hau bene da ƙafa tana haki. Tunanin dutse a samanta, dutse a gefenta, a kuma kashe fitila, ya isa ya firgita ta. Kullum sai ta ce yau za ta faɗa, sai ta tarar da Verna tana jera gwangwanayen wake a kabad, ko tana gwada rigar sanyi, tana cewa cikin kogo da sanyi ko da bazara ne. Sai ta haɗiye.

A makon tafiyar Verna ta koma shan kofinta na safe a kujerar gaba, wai tana saba wa jikinta. Ranar Alhamis Jolene ta fito cikin kayan aiki, ta hango furfurar Verna ta gilashin motar, kan a jingine da taga. Ta zagaya ta hau kujerar direba, ta kama sitiyari da hannu biyu, ta kafa ido a kan titi don kunya ba za ta bar ta ta juya ba.

"Iya, zan kai ki. Har bakin kogon zan kai ki. Amma ni fa ba zan iya shiga ba. Tsoro nake ji. Sai dai mu roƙi ɗaya daga ma'aikatan ya tura ki."

Ta jira faɗa. Tukunyar iska tana ta shiii. Motar shara ta wuce.

"Iya?"

Kofin yana ajiye a mazauninsa, ba a sha ko rabi ba. Jolene ta taɓa bayan hannunta, ta ji shi da sanyi kamar bakin famfo da safe. Ta daɗe hannunta na nan. Daga nan ta miƙa ta murɗe kan tukunyar, ta ciro waya. Aka tambaye ta lambar gida ta faɗa, aka tambaye ta shekarun matar ta faɗa. Aka ce ko tana tare da wani, ta ce eh, tana tare da Iya Verna.

Da motar asibiti ta tafi, Mista Lindqvist ya ce ta shigo gidansu ta zauna, matarsa ta ɗora shayi. Ta ce an gode, ta makara. Ta tafi aiki, ta yanka albasa, ta zuba wa yara taliya, ta wanke tukwane. Wata abokiyar aikinta ta ce yau ba ta da magana, ta ce kai ne ke ɗan sara mata.

Ranar jana'izar a coci ma haka. Mata suna kuka, ita tana lura cewa an sa wa Verna jan-baki, abin da ba ta taɓa shafawa ba. Ta ɗauki faranti, ta raba abinci, ta karɓi gaisuwa kamar ana yi wa wata.

Bayan kwana biyu Dwight ya ƙwanƙwasa mata ƙofa da kwali a hannu, idonsa jawur.

"Anti Jolene, na tarar da motar cike da abinci. Ina za ta?"

"Kogo."

"Kogo? Matar da ba ta iya zuwa bakin titi? Kuma ba wanda ya gaya min?"

"Ta ce za ta aika maka hoto."

Ya ajiye kwalin a ƙasa, ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa suna rawa. Jolene ta tsaya tana kallon gwangwanayen. Ta san ya kamata ta dafa kafaɗarsa, sai dai hannun bai tashi ba.

"Ki riƙe waɗannan," ya ce daga baya. "Motar kuma na samu mai so. In dai ba ke kike so ba."

"Ba ni da inda zan je da ita."

Mai sayen ya zo da rana tsaka, wani mai gemu da kare a gefensa. Ya tayar da ita, ya fita, ya sha kwana a ƙarshen layi.

Inda motar ta saba tsayawa ciyawar ta mutu, ta yi fari fat, doguwa mai kusurwa huɗu, da ramukan tayoyi. Jolene ta jawo mesar ruwa daga gidanta, ta tsallaka da ita, ta kunna. Ƙasar ta bushe da yawa, ruwan ya ƙi shiga. Ya taru, ya gangaro, ya cika mata takalmi. Ba ta matsa ba.