Bangon Maka

A kwalejin koyon sana'a ta garinmu kowa ya san takalmin Warwick Dunstan, malamin magina. Ɗalibansa ba sa gini da siminti. Yashi da farar ƙasa suke kwaɓawa, don a rushe a sake amfani da bulon. Idan ɗalibi ya gama bango, Warwick zai zagaya shi, ya kanne ido ɗaya. In ya ga karkata ko ta kaurin farce, sai ya sa ƙafa ya tura. Matarsa ta ce ko shingen maƙwabta haka yake kallo, shi ya sa ba a gayyatarsu gashin nama.

To, sai gwamnati ta canza tsari. Kuɗi ya koma bin kan ɗalibi, duk inda ya tafi can zai bi shi. Wani ɗan kasuwa ya buɗe makaranta a saman shagon katifa, yana ba da takardar shaida cikin 'yan makonni, har da kyautar kwamfuta. Ajin Warwick ya fara zuba kamar buhun da ɓera ya huda.

Bronwyn, wadda da can malamar gyaran gashi ce kafin a ba ta ofis, ta tare shi wajen shan shayi, ta kira shi da laƙabinsa.

"Wazza, mutum ɗaya ya ƙara fita, an rufe ajinka. Kai kuma sai gida."

"Su suke tafiya, ba ni ke korarsu ba."

"Takalminka ke korarsu. Yanzu ba ɗalibai ake ce musu ba, masu saye ne."

"To ki sayar musu da bango a karkace mana."

"Ni ba faɗa na zo ba. Har yanzu fa na wucin gadi kake, sau nawa aka ce za a ɗauke ka aikin dindindin? Kai ka sani."

Ranar gwaji, Maka, wani ƙaton saurayi ɗan ƙasar Tonga mai aikin lodi a kanti, ya gama nasa bangon. Sau biyu Warwick ya taɓa rushe masa. Yanzu kuma ga ciki ya fito a tsakiya, ba mai yawa ba, amma ko makaho ya shafa zai ji.

"Tsoho, in za ka tura, tura," in ji Maka yana goge cokalin gini a wando. "Ɗan'uwana ya ce 'yan makarantar saman shagon katifa ba sa ko taɓa bulo. Ƙafafuna sun san hanya."

Warwick ya zagaya bangon. Ya tuna cewa yaron nan, in ya zauna shekara guda, magini zai zama na gaske; in ya tafi can, takarda kawai zai samu. Ya kuma tuna cewa wata rana wani zai jingina da abin da Maka ya gina da siminti. Ƙafarsa ta ɗaga kaɗan. Ya mayar da ita ƙasa.

"Ya yi," ya ce.

Maka ya dube shi, ya dubi bangon. "Da gaske?"

"Na ce ya yi. Wanke kayan aikinka."

Ba a rufe ajin ba. Bronwyn har ta kawo kek. Maka yana nan yana zuwa, hannunsa ma ya fara faɗawa, sai dai yanzu idan Warwick ya yaba masa aiki, ba ya ɗago kai. Yakan je ya tambayi na kusa da shi ko layin ya miƙe.