Ba a Ga Direba Ba

Harshen na'urar faifan kwamfutar, inda ake ɗora faifai, ya leƙo rabi ya tsaya, ya yi wani gurnani, sannan ya koma ciki abinsa. Injiniya ya ja tsaki. Ya miƙar da wata 'yar siririyar waya, ya zura ta cikin ɗan ramin da ke gaban na'urar, ya danna har harshen ya fito ba da son ransa ba.

"Ya buɗe?" in ji Baba Direba daga kan gado.

"Ya buɗe, Baba, amma da ƙyar. Robar da ke jan sa ce ta saki."

"Shekaru ne. Ni ma tawa ta saki."

Injiniya dai ba injiniyan komai ba ne. Waya da kwamfuta yake gyarawa a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin bene a bakin layi, mutanen unguwa suka liƙa masa sunan, shi kuwa bai taɓa cewa a cire ba. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da na Baba Direba, irin bangon da ko tari aka yi a can sai an ji a nan. Baba ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan sitiyarin doguwar bas, har ciwon suga ya fara cin idanunsa, ya gangaro ƙafafu, daga baya ya kama ƙoda. A makon da ya wuce asibiti suka ce a kai shi gida ya huta, kuma babu wanda bai san ma'anar irin wannan hutun ba.

Washegarin dawowarsa ya sa matarsa, wadda duk layin ke kira Inna, ta ƙwanƙwasa wa Injiniya ƙofa. Akwai wata tsohuwar kwamfuta a kusurwar ɗakin, ta Auta ce, ɗansu namiji tilo, wanda zazzaɓi ya ɗauke yana dab da gama sakandare. Tun daga lokacin Inna ta lulluɓe ta da tsohon zani ta jera kwanuka a kai.

"Akwai wani wasan mota da yaron nan yake yi," Baba ya ce masa ranar. "Shi nake so ka tayar min. Kada ka ja min lokaci, ba ni da shi da yawa."

Faifan wasan yana cikin wani tsagaggen gida na roba, da hoton jar babbar mota a jiki. Soket ɗaya ne a ɗakin, a gefen gado, kuma rediyon Baba ne a jone, wani baƙin rediyo mai cin faifan waƙa, da murfin faifan a ka, wanda Inna ta mayar wurin jera magani. Injiniya ya zare wayarsa ya jona ta kwamfutar.

"Ka kashe min labarai."

"Na ɗan lokaci ne, Baba."

Kwamfutar ta tashi, abin mamaki, fankarta na kukan neman mai. Na'urar faifan ce ta ƙi ba da haɗin kai. Ya canja robar, ya goge idon da ke karanta faifai da auduga, faifan ya juya ya juya ya tsaya. Ya koma shago ya tono wata na'urar daga kwalin tarkace, ya kwance tsohuwar ya ɗaura wannan. Da ya kunna sai ga wani farin rubutu a kan baƙin allo.

"Me ta ce?"

"Ta ce ba ta ga direba ba."

Sai kafaɗun Baba suka fara rawa da dariya. Dariyar ta zame masa tari, har Inna ta shigo da kofin ruwa ta tallafi kansa.

"Gaya mata ga shi nan kwance," ya ce bayan ya lafa. "Lasisinsa ne kawai ya ƙare."

"Ba irin wannan ba, Baba. Wani ɗan tsari ne da ake saka mata, shi ke nuna mata yadda za ta tuƙa na'urar. Kowace na'ura da direbanta. Wannan da na kawo baƙuwa ce, direban da ke ciki bai san hannunta ba."

"To ai gaskiyarta ne. Ba kowa ake miƙa wa makullin mota ba. Je ka nemo mata wanda ya iya."

Neman direban ne ya ci kwanaki. Kamfanin da ya ƙera na'urar ya daɗe da rufewa, shafinsa a intanet ya zama kufai. Da ƙyar ya samo direban a wani dandalin intanet na tsofaffin mahaukata irinsa, sai kuma ya tarar kwamfutar ba ta da ramin da za a soka mata filashi, dole a bi ta tsohon faifan filofi, filofin kuwa duk wanda ya ɗauko sai ya tarar ya mutu a tsaye. Masu wayoyi suka yi ta sintiri a ƙofar shago suna tarar da kwaɗo. Shi ko a jikinsa. Injiniya irin mutanen nan ne da in gyara ya gagare su sai su mai da shi faɗa tsakaninsu da ƙarfe, su ɗan mance wanda ake yi wa gyaran. Yana son Baba, wannan ba ƙarya ba ne. Amma in ya zauna gaban allon, bayansa ne ke kallon gado.

A bayan nasa kuwa ƙafafun Baba suna ta kumbura, fatar ta yi sheƙi. Ya daina cin abin kirki, cokali biyu sai ya kau da kai. Ɗakin ya ɗauki wani wari da man shafawar Inna bai iya rufewa ba. 'Ya'yansa mata da ke aure nesa suna kira a waya, Inna tana ce musu da sauƙi, tana kallon ƙasa.

Ran nan da la'asar faifan ya juya bai tsaya ba. Allon ya yi baƙi, ya yi shuɗi, sai ga jar motar tsaye a kan doguwar hanya. Injiniya ya ji daɗi har cikin ƙashinsa.

"Baba, ta tashi. Ga jar motar nan."

Baba ya juyo da kai a hankali, ya kasa kunne.

"Ban ji komai ba."

"Sautin ne bai zo ba tukuna. Amma ga hoto tas, bari in juyo maka allon."

"Injiniya, hannuna ma ba na gani. Me zan yi da hoto?"

Injiniya ya tsaya da allon a rungume. Kunya ta rufe shi, don kullum yana ganin yadda Inna ke kama hannun tsohon ta ɗora a kan kofi.

"Akwai wani kiɗa da yake tashi in motar ta hau hanya," Baba ya ce. "In na dawo daga tafiya, jikina duk a mace, na kwanta ke nan sai yaron nan ya kunna. Ban taɓa barin sa ya kai ƙarshe ba. Kullum sai in ce kashe min wannan abin. Sai ya kashe, ba ya musu." Ya numfasa. "Tun da na kwanta nake neman kiɗan a kaina, farkonsa kawai nake samu. So nake in ji inda ya ƙare."

Inna ta tashi ta fita tsakar gida, aka ji ta tana jan bokitin da babu abin da za ta yi da shi.

Katin sauti, wanda ke fitar da murya daga kwamfutar, shi ma da nasa direban, shi ma sai an nemo. Da aka samo shi kuma sai ya shiga rigima da na'urar faifan, su biyun suna son bin layi ɗaya, in wannan ya tashi wancan ya kwanta. Injiniya ya yini yana raba su, yana sauya lambobi yana kashewa yana kunnawa. Washegari da rana ƙananan sifikokin kwamfutar suka yi tari, sai ga ƙarar inji, sai ga ham ɗin mota.

Baba ya buɗe ido. Muryarsa ta koma kamar ana jan takarda a ƙasa.

"Wannan ai inji ne. Giyar ma ba daidai yake sa ta ba. Ina kiɗan?"

Injiniya ya kwance murfin kwamfutar ya haska ciki da fitilar waya. Nan ya ga wata 'yar waya mai ruwan toka tana reto, kanta ɗaya a jikin katin sauti, ɗayan a sake. Ya gwada ta a sabuwar na'urar, bakin bai zo ɗaya ba.

"Na gano shi, Baba. Kiɗan ba a cikin kwamfutar yake ba, a kan faifan yake, kamar dai na faifan waƙa. Wata 'yar waya ce ke ɗaukar sa daga na'urar ta kai wa katin sauti. Ta cikin ba ta shiga wannan ba. Gobe da safe zan shiga kasuwar tarkace in nemo mai irin bakin."

"Gobe," in ji Baba. "Mu ma haka muke ce wa fasinja."

Injiniya ya cire faifan ya mayar gidansa, ya zare wayar kwamfutar ya jona ta rediyo. Kwalbar magani ɗaya ta zame daga kan murfin, ya cafe ta ya mayar inda take.

"In kunna maka labarai?"

"Bar shi."

Kasuwar tarkace ta cinye masa safiya. Wani ya ce rabonsa da ganin irin wayar tun yana yaron shago, wani ya yi masa dariya ya ce ko gidan tarihi zai buɗe. Rana ta take ya same ta a ƙasan wani bokitin wayoyi da suka cukuikuye, baƙa wuluk da datti. Ya goge ta a wandonsa, ya duba bakin, shi ne. Ya sa ta a aljihun riga ya kamo hanya da sauri.

Tun daga bakin layi ya hango takalma a ƙofar Baba Direba, da maƙwabta tsaitsaye ba mai magana. Ya ƙarasa a hankali. Inna na zaune a dokin ƙofa, hannuwanta a kan cinya, idanunta a bushe.

"Ya tambaye ka da hantsi," ta ce. "Na ce ka tafi neman waya. Ya ce to."

Aka kai Baba makwancinsa. 'Ya'yansa suka zo suka yi kukansu suka koma gidajensu, masu gaisuwa suka ragu har suka ɗauke. Injiniya ya buɗe shago yana karɓar wayoyin mutane da mitarsu. Baƙin ciki ya zauna masa a ƙirji, amma yana ba kansa haƙuri da cewa ya yi iyakar ƙoƙarinsa, kwana ne ya ƙare. Wayar tana nan a aljihun rigar, ya kasa jefar da ita.

Wata rana da yamma yana kwance a ɗakinsa, sai ya ji kiɗa ta bango. Wani irin kiɗa ne mai sauƙi, mai tafiya a hankali kamar mota a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Bai taɓa jin sa ba, amma ya miƙe zumbur. Ya fita ko takalmi bai sa ba.

Kwamfutar na kusurwa, an mayar mata da zaninta da kwanukanta. An naɗe katifar gadon. Inna na tsaye a tsakar ɗaki da tsintsiya a hannu, tana kallon baƙin rediyon, wanda yanzu babu ko kwalba ɗaya a kansa.

"Magungunan na kwashe," ta ce, ba ta juyo ba. "Sai na ga murfin ya ɗago. Gidan faifan kuma ya ƙarasa tsagewa, na ce bari in sa shi a nan kada ya karce. Na danna wani abu, ya yi ta juyawa shiru. Na ci gaba da sharata, na ma manta da shi." Ta ajiye tsintsiyar. "Shi ne, Injiniya. Kiɗan Auta ne."

Injiniya ya dafa ƙofa. Kamar dai na faifan waƙa. Da bakinsa ya faɗa, a ɗakin nan, yana tsugune tsakanin gado da rediyon. Kullum da hannunsa yake zare wayar rediyon don ya jona kwamfuta.

Inna ta juyo ta dube shi. Babu zargi a fuskarta, tambaya ce kawai.

"Da can ma zai yi a nan?"

Ya so ya ce goge faifan da ya yi ne ya sa, da ta yarda, don ba ta taɓa musa masa a kan aikinsa ba. Bakinsa ya ƙi.

"Zai yi, Inna."

Ta gyaɗa kai a hankali, ta daɗe tana gyaɗawa. Sannan ta je ta kama rediyon da hannu biyu ta juya bakinsa ya fuskanci gadon, ta ɗan ƙara murya, ta zauna a bakin katakon. Injiniya ya sulale ya zauna a ƙasa, 'yar wayar na tokare masa ƙirji ta cikin aljihu.

Kiɗan ya yi ta tafiya, ya hau, ya sauko, ya ragu kaɗan-kaɗan har ya ɗauke. Faifan ya ci gaba da juyawa a ƙarƙashin murfin, ba wanda ya tashi ya kashe.