Hannun Baba Harouna

Da meri, wato hukumar gari, ta gyara wani tsohon gida mai ɗaki huɗu domin masu taɓin hankali da ke kwana a titi, Alassan aka damƙa wa mabuɗin. Saurayi ne mai yawan tunani, irin wanda kan zauna ya yi jimamin abin da bai riga ya faru ba. A wannan karon dai jimamin nasa yana da tushe: damina ta ƙarato, Baba Harouna kuwa, ɗaya daga cikin masu taɓin hankalin, yana kwana ƙarƙashin wata matacciyar kamiyo, babbar motar kaya, a bakin gada, inda ruwa ke taruwa har gwiwa.

Sai da lallashi ya kusa ƙare masa kafin tsohon ya yarda ya biyo shi. Aka yi masa aski, malamar asibiti Bibata ta ɗora shi kan magani, ya soma barci irin na mutane, har ya tuna cewa shi ɗan garin Bengou ne.

Abin da Alassan bai sa a lissafi ba shi ne direbobi. Tun da daɗewa babu direban da ke tsallake gadar zuwa Malanville sai ya ajiye wa Baba Harouna ƙosai, ya jira tsohon ya ɗaga masa hannu. Sun yi imani hannun wanda Allah ya ɗauke wa hisabi ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Wata safiya Alhaji Sha'ibu, shugaban sandika, wato ƙungiyar direbobi, ya iso da mutanensa.

"Ɗana, mun zo karɓar tsohonmu," in ji shi. "Tun da ka ɗauke shi taya ke fashewa, albasa na ruɓewa a duwan, hannun 'yan kwastan."

"Alhaji, magani yake sha. Ya fara samun sauƙi."

"To, abin da muke tsoro ke nan." Alhaji ya juya wajen Bibata, ya sassauta murya. "Malama, ba mu ce kada a yi masa magani ba. Amma kada a warkar da shi duka. A rage mana kaɗan."

"Kamar nawa, Alhaji?" Bibata ta tambaya, fuskarta ba alamar dariya. "In bar muku na hannun dama?"

"Allah ya yi miki albarka, shi ne ma mai aikin."

Alassan ya dubi ƙofar ɗakin tsohon. Gidan ba kurkuku ba ne. Idan tsohon ya ce zai koma gada, babu mai ikon riƙe shi. Ya shiga ya faɗa masa gaskiyar abin da ke tafe da baƙin.

Baba Harouna ya fito sanye da sabuwar riga, ya ƙare wa direbobin kallo.

"Sha'ibu, kai a ina kake kwana?"

"A gida, Baba."

"Da rufi?"

"Da rufi."

"Ni ma haka." Ya jawo kujera ya zauna a ƙofar gida. "Mai son hannu ya biyo ta nan, bayan na sha maganina. Ƙosai kuma na mutum huɗu, domin ina da maƙwabta."

Ran da ruwan farko ya sauka, Alassan na tsaye a zaure yana kallon kamiyo bayan kamiyo suna barin gudro, babban titin kwalta, suna kutsawa cikin lungun da ko amalanke da ƙyar take wucewa. Tsohon na zaune a bushe yana ɗaga hannu. Alassan ya so ya yi murna, sai tunanin katangar maƙwabta da kamiyo ke gogawa ya faɗo masa, ya koma ciki ya fara jimaminta.