Rabin-Watan da Saliha Ta Juya

Duk Garin Ɗantala, can karkarar Gangara, babu wanda bai san gamanar Saliha ba, don ita kanta ba ta barin a manta. Gamana dai 'yar gonar mace ce ta kanta, wadda ba ta shiga gandun maigida. Tata wajen uwarta ta gaje ta, jigawa mai laushi da gyaɗa ke yi har mutum ya riƙe baki. Da ita take tuyar ƙuli, da ita ta yi wa 'ya'yanta kayan ɗaki, da ita take shiga biki ba ta sunkuyar da kai. Sai dai gamanar a bakin kwazazzabo take, kuma kwazazzabon nan, Allah wadai, bai san gado ba. Kowace damina sai ya gutsiri rabonsa. Ya ci magaryar kan iyaka, ya ci gambar da uwarta ta dasa, bara kuma ya haɗiye layukan gyaɗa tana tsaye tana salati. Abin da ya rage, masu gani sun ce damina ɗaya mai ƙarfi ta ishe shi.

Shi ya sa ranar da aka yi shela cewa gwamnati ta ware kuɗin gyaran ƙasa da tare ruwa, kuma garinsu na ciki, guɗar Saliha sai da ta tashi kajin maƙwabta. Ta ɗaure gyale ta riga kowa isa ƙofar maigari, inda aka ce ma'aikacin furoje, wato shirin gyaran, zai yi bayani.

Ma'aikacin, Munir, daga buro, wato ofishinsu na Gazawa, aka turo shi, dogo ne mai sanyin magana. Ya ce an zauna da mutanen meri, ofishin magajin gari, an tsara aikin, kuma bana daga fako za a fara. Fakon nan kowa ya san shi: busasshen tudu ne gabas da gari, ƙasa ta yi tauri ko akuya ba ta tsayawa.

Saliha ta miƙe. “Ɗan nan, fako ka ce? Gonata na faɗawa rami nan yamma, kai kuma za ka kwashe mu gabas mu yi tono inda ko ƙaya ba ta fita?”

“Inna,” in ji Munir, “ruwan da ke cin gonarki ba nan aka haife shi ba. Can bisa fako yake taruwa, ƙasa ta ƙi sha, ya gangaro da gudu. In munka riƙe shi can, zai iso miki a gajiye. Bana sama, baɗi in Allah ya kai mu a kawo duwatsu da waya cikin kwazazzabon.”

“Baɗi! Ka tambayi kwazazzabon ya ce zai jira baɗi?”

Aka yi dariya. Wanda ya fi kowa ƙyaƙyatawa shi ne Chindo, ɗan kawunta, taubashinta tun suna yara, wanda aka naɗa shugaban aikin. Ya ce, “Malam Munir, kada ka damu da baiwata. Tun tana goye haka bakinta yake.” Ta ce masa bawa shi ne mai yawo da takalmi wari daban-daban. Amma duk da mitar da ta yi, ranar fara aiki ita ce gaba da felu a kafaɗa, don gonar dai tata ce.

A kan fako Munir ya nuna musu abin da ake kira rabin-wata. Rami ne mai faɗi, ba zurfi sosai, siffar rabin faifai. Ƙasar da aka tono sai a jera ta kunya ta gefen lanƙwasa, ɗaya gefen a bar shi buɗe. Cikin kowane za a watsa irin ciyawa, a dasa ɗan itace. “Ku ɗauke shi kamar ɗan ɗaki ne na itace,” in ji shi. Ya auna musu layuka ya sa duwatsu, ya tsaya a kansu har suka gama layin farko, kowane baki na duban gabas. Daga nan aka kira shi wasu garuruwan wajen Sae Sabuwa, ya hau babur ya bar wa Chindo amana.

Tun yana nan abin ke cin Saliha, ta daure don kada ta kunyata baƙo. Ƙurar babur na kwantawa ta dafa ƙugu.

“Chindo, zo nan. Ƙofar ɗakinka ina ta duba?”

“Yamma mana.”

“Ta ɗakin uwarka fa, Allah ya ji ƙanta?”

“Yamma. Mi ya kawo wanga magana?”

“To wa ka taɓa gani garin ga ya buɗe ƙofa gabas, inda hadari ke fitowa? Ko akurkin kaji ba a yi mishi haka. Ruwa anka ce mu tare. Da mi ɗaki ke tare ruwa, da baki ko da baya?”

Masu diga suka tsaya. Wani dattijo ya ce wallahi maganar hajiyar ga akwai hankali. Wani ya ce yaron ɗan birni ne, gidan siminti ya tashi, taga ta ko'ina, ina zai san ta inda ruwa ke dukan bango. Chindo ya sosa ƙeya ya ce bari dai ya kira shi a waya.

“Ka kira shi ka ce mishi mi? Bai iya aikinshi ba? Haba Chindo! Yaro mai ladabi, yana ce mini Inna. Mu gyara mishi shiru, ya dawo ya iske aiki, manyanshi su yaba mishi.”

To, da wannan kyakkyawar niyya mutanen Garin Ɗantala suka juya wa gabas baya. Kuma aiki suka yi ba na wasa ba. Maza na sara, mata na kwasa, kunya kowace an daddale ta da ƙafa sumul. Fakon ya cika da rabin-wata iya ganin ido, duk sun buɗe baki yamma, tsaf kamar ɗakunan gari. Saliha kuwa har tafiyarta ta sake. Tana bi layi-layi tana gyara wa mutane lanƙwasa.

Ranar da Munir ya dawo, gari ya fito tarbarsa. Ya kafe babur, ya dubi fakon daga wannan gefe zuwa wancan, ya cire hula ya mayar. Saliha ta matso tana murmushi. “Ba sai ka yi godiya ba, ɗan nan. Kowa na kuskure.”

Sai Munir ya roƙi a ba shi jarkar ruwan sha. Ya je layin farko, nasa, ya tuttula ruwa daga sama. Ruwan ya gangaro ya shiga bakin ramin, ya tarar da kunya, ya kwanta. Ya dawo kan ɗaya daga cikin nasu ya tuttula. Ruwan ya bugi bayan kunya, ya rabu biyu, ya zagaye ramin bai ko leƙa ciki ba, ya haɗe a ƙasa ya miƙe yamma da sauri. Idon kowa ya bi shi, kuma kowa ya san abin da ke yamma.

Kunya ta kama Saliha, amma tsoro ya fi kunyar yawa. Ta ga da hannunta ta share wa ruwa hanya zuwa gonar uwarta.

“Ɗaki gudun ruwa yake,” in ji Munir a hankali. “Wanga kuwa so muke ya sha. Laifina ne, da ma ƙwarya na ce muku ba ɗaki ba.” Ya ƙara da abin da ya fi zafi: kuɗin da aka ware na tono ɗaya ne, ba za a sake biyan kowa bana ba, ga shi gizagizai sun fara leƙowa da yamma-yamma.

Ranar Saliha ba ta yi tuya ba. Washegari da sassafe ta ƙulle goro a gefen zane ta yi sallama ƙofar Chindo. Ya fito yana hamma, ya gan ta, ya gyara tsayuwa kamar wanda aka kawo wa sarauta.

“A'a, injiniya ce da kanta! Lafiya? Ko masallaci ma za a juya?”

“Gayya nike so ka kira mini.”

“Ban ji ba. Kunnen ga nawa na gabas ya toshe.”

“Chindo, don Allah.” Muryarta ta karye. “Gonar gwaggonka ce.”

Nan ya bar wasa. Ya karɓi goron da hannu biyu. “Ke ma kin san ba ke kaɗai kinka juya su ba. Duk munka riƙe diga. Tashi ki ɗora tukunya, sauran nawa ne.”

Gayya ba a biyan kowa, abinci ne da kiɗa da kunyar ƙin zuwa. Saliha ta bi gari ƙofa-ƙofa da goro, har gidajen da bakinta ya taɓa ɓatawa, kuma ba kaɗan ba ne. Kowa sai ya ja mata rai kafin ya karɓa. Zulai maƙwabciyarta, wadda suka yi shekara ba sa ga-maciji saboda akuya, ta ce za ta zo da sharaɗin ita za ta riƙa nuna wa Saliha gabas. Fulanin da ke mashekari bayan fako ma suka aiko da nono, suka ce ciyawar da za ta fito ai shanunsu za su ci.

Wayyo, wanda bai ga gayyar nan ba an bar shi a baya! Makaɗa suka kafa ganguna a tsakiyar fako. Samari suka rabu unguwa-unguwa suna gasa, a rushe kunya daga gabas a mayar da ita yamma, a daddale, a yi tsalle zuwa na gaba. Maroƙi ya samu abin yi, yana ta kirari ga Saliha injiniyar Garin Ɗantala, wadda ba ta shiga lakol ta yi boko ba amma ta gyara wa gwamnati aiki. Mata na guɗa, ita kuma tana zuba fura tana ce masa Allah ya sa maƙogwaronsa ya bushe. Daga baya ita ma dariyar ta ƙwace mata, har da hawaye. Munir ya tuɓe rigar buro ya karɓi felu, bai jima ba tafin hannunsa ya yi ƙurji, tsofaffi mata suka yi ta yi masa sannu suna dariya.

Ba a gama rana ɗaya ba, ba a gama biyu ba. Hatsin Saliha ya ƙare, maƙwabta suka ɗauko nasu ba tare da ta roƙa ba. Kullum da la'asar sai a ɗaga kai a dubi gabas, a ƙara sauri.

Suna kan layin ƙarshe hadarin ya haɗo, baƙi ƙirin, da rana tsaka. Iska ta fara kwasar hulunan mutane. Chindo na ihu, “Ku daddale! Ku daddale!” Ɗigon farko ya sauka ana taka kunyar ƙarshe, sai ruwa ya kece. Babu wanda ya gudu. Suka tsaya jiƙe sharkaf suna kallon ruwa na gangarowa daga tudu, yana shiga bakin rami, yana cika shi, ragowar ta zuba a na ƙasa, shi ma ya riƙe. Fakon da bai taɓa shan ruwa ba ya cika da ƙananan tafkuna, manya da gemunsu suna tsalle a ciki. Zulai ta rungume Saliha tana ihu.

Saliha ta zame jikinta. Tafkunan sun yi kyau, amma ba su ne damuwarta ba. Ta tattare zane ta gangara yamma, tana santsi tana tashi, ta ratsa gari ba ta tsaya ba. Tana jin Chindo a bayanta yana haki yana cewa ta jira shi. Kullum in an yi ruwa irin wannan, tun daga bakin gari ake jin rurin kwazazzabo. Yau tana ta kasa kunne ba ta ji ba, kuma shirun ma tsoro ya ba ta.

Ta iso gamanar ruwa na tsagaitawa. Ta taka a hankali har bakin ramin ta leƙa. Ruwa na tafiya can ƙasa, ja, amma siriri, ko gwiwar mutum bai kai ba, yana bin tsakiya bai taɓa gaɓa ba. Ta bi bakin gonar daga wannan iyaka zuwa waccan tana dubawa. Ko tafin hannu ɗaya bai rufta ba.

Chindo ya iso ya dafa gwiwa yana mayar da numfashi. Ya buɗe baki zai yi tsiya, ya ga fuskarta ya fasa.

“Tana nan,” in ji Saliha. “Chindo, duk tana nan.”

Ta durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasar ta damƙi cike da hannu, ta yi kuka mai isarta, shi kuma ya juya yana duban kwazazzabon kamar akwai abin kallo a ciki. Da ta gama ta share fuska da gefen gyale ta miƙe.

“Mi kake tsaye kana yi? Tafi ka ɗauko mini sungumi. Ƙasa ta jiƙu, shuka za ni yi, har bakin ramin.”