Aikin da Bilya Yake Yi a Kan Dutse

Ɗana Bilya ya dawo Tafoki daga Kaduna da kwamfuta a jaka. Na ɗauka korarsa aka yi.

"Inna, ba kora ba ce," ya ce yana dariya. "Cewa suka yi kowa ya yi aiki daga gida. Abokan aikina suna ta ƙorafi wai kaɗaici. Ni kuwa ga tuwonki ga aikina, me na rasa?"

Waya ba ta kamawa a cikin gari sai a kan dutsen da ke bayan gonaki. Kullum da safe can yake hawa, ya toshe kunnuwa da waɗansu 'yan abubuwa, ya yi ta Turanci shi kaɗai, fuskarsa na kallon daji. Dajin nan kuwa kowa ya san su wa ke cikinsa.

Da 'yan bindiga suka kore shanun Alhaji Zailani, mata suka rage shigowa gidana. Wadda ta shigo ma idonta na kan ƙofar ɗakinsa.

Ƙanena Badamasi ya zo ya same shi yana cin abinci.

"Kai ɗan boko, ka koma Kaduna ko ka ɗauki fartanya. Ana cewa kai ke ba mutanen daji labari."

"Haba Kawu! Ɓarayin shanu Turanci suke ji?"

"Yi ta dariya. Gari ba ya dariya."

Na roƙi Bilya ya tafi. Ya ce sai an gama girbi.

Ranar kasuwa da hantsi 'yan sa-kai suka shigo har tsakar gida. Babbansu Mani, tare suka yi makarantar allo da Bilya, amma ko gaishe ni bai yi ba.

"Ina ofishinku yake?" ya tambayi Bilya.

"An rufe shi, kowa na gida."

"Ogan naka fa, wa ya san shi a nan?"

"Mace ce, tana Legas. Ni ma a waya kawai nake ganinta."

Suka kalli juna. Na riƙe rigar Mani na ce ya dubi Allah. Ya ce, "Baba, tambayoyi kawai za mu yi mashi."

Suka tafi da Bilya. Gawarsa aka kawo mani washegari.

A zaman makoki wata tsohuwa ta matso kusa da ni, ta rage murya.

"Lauratu, tsakaninki da Allah, wane irin aiki yake yi?"

Na buɗe baki in wanke ɗana. Sau da yawa ya yi mani bayani, ban taɓa ganewa ba.